Ɗangoggo, Mai Kara da Ƙoƙon Ruwa

Kafin hantsi ya ɗaga, tun Majo Agali, babban ma'aikacin gidan likita na Dakoro, bai buɗe ɗakin allura ba, Ɗangoggo ya riga ya dawo daga rijiya da jakinsa da salka biyu cike da ruwa. Ɗaya ta sha ce, ta marasa lafiya. Ɗayar kuwa a ƙasa take ƙarewa. Yakan ɗebi ruwan da tafin hannu ya bi tsakar gidan yana yayyafawa, tun daga bakin ƙofa har gindin aduwar da masu jinya ke shimfiɗa tabarmi, sai ƙasa ta yi laima sannan ya ɗauki tsintsiya. A garin da takarkari ke jan igiya har ya kusa ɓacewa kafin guga ta leƙo bakin rijiya, zubar da ruwa ba ƙaramin abu ba ne, kuma mata sun sha yi masa magana. Shi dai sai ya ce ƙura in ta tashi a ƙirjin masu tari take sauka, ya ci gaba da yayyafinsa.

In ya gama shara sai ya hura wuta ya dafa allurai, ya wanke kwanoni, ya kwashe tofin masu tari ya kai bayan gari ya binne. Daga nan ya zauna gindin aduwar da wuƙarsa da ɗan damin karan dawa. Yakan zaɓi gaɓa mai kyau, ya zura mata tsinken ƙarfe mai zafi ya fitar da totuwar, kamar yadda makiyaya ke yi in za su haɗa sarewa, ya goge bakinta da yashi don kada ta yanki leɓe. A takardar biro, wato ofishin gwamnati, ba a rubuta masa komai ba sai mai shara, amma waɗannan karare su ne ainihin kayan aikinsa. Duk wanda ƙirjinsa ya ji ciwo, da zarar majo ya gama yi masa allura zai ga Ɗangoggo tsugune a gabansa da kara da ƙoƙon ruwa. A tsoma karan a ruwa, a ja numfashi har ƙasa, a busa a hankali ruwan ya yi ta ɓulɓuli. Sau goma, a huta, a yi tari, a sake. Haka zai bi mutum sau biyar a yini har a sallame shi.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana wannan aiki. Yau kwana tara ke nan da ya ajiye tsintsiya ya tafi Tagriss wajen ɗiyarsa Aisata, kuma da wuya ya dawo.

Ni Samba ne, malamin lakwal, wato makarantar boko, danga ɗaya ce ta raba gidana da gidan likita. Ban taɓa sanin cewa da ƙarar tsintsiyar Ɗangoggo nake tashi shirin aji ba sai da ta daina. Sau biyu cikin kwana taran nan yara suka riga ni zuwa lakwal, suka tarbe ni da irin kallon da nake yi musu in sun makara. An ɗauki sabon mai shara, mutumin kirki ne, amma shi sharar ya zo yi kawai. Da safe in na ga ƙura ta taso ta bayan danga sai kewa ta cika ni, har in rasa abin da ke mini daɗi.

In kuna son shaida a kan aikinsa, ku tambayi Mainassara mai haƙar rijiya. Gefen rijiya ne ya rufto masa a Sabon Maci, aka kawo shi a kan raƙumi, ƙirji a lotse, kowa ya ce ko ya tashi ba zai ƙara ɗaga ko guga ba. Mainassara ƙato ne mai zafin rai. Sau biyu ya yi jifa da ƙoƙon yana cewa, "Ni yaro ne da za ni zamna ina wasa da ruwa?" Sau biyun kuma Ɗangoggo ya bi ƙoƙon ya ɗauko, ya ɗauraye, ya sake cikawa, ya dawo ya tsuguna ya miƙa masa. Kunya ce ta sa Mainassara ya fara busawa. Bana shi ne ya sauka ƙasan sabuwar rijiyar unguwarmu.

Ku tambayi wata makiyayiya mai suna Mata daga arewa da ciwon haƙarƙari ya kwantar, wadda ba ta jin Hausa ko ta gaisuwa. Da ba su da harshe ɗaya, sai Ɗangoggo ya kawo kara biyu da ƙoƙo biyu, ya busa tana kallo, ta busa yana kallo. Duk shekara in sun sauko da dabbobi takan kawo masa cuku a ƙulle a gefen mayafi, har yau kuma ba su taɓa yin hira ba.

Amma ba labarin wasu ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Nawa ne, wanda na riƙe a ciki shekara huɗu.

Ɗiya ɗaya gare ni, Safi. Matata Aisa ta haife ta tana da ciki wata bakwai, ƴar mitsitsiya, ta zauna daram a tafin hannuna biyu. In ta ja numfashi sai ƙirjinta ya lotsa, ta yi wani ɗan nishi da har yau nake jin sa a kunnena. Aisa ba ta kai arba'in ba ta rasu. Mahaifiyata, Inna Uwale, ita ta rungumi jaririyar a jikinta, fata da fata, har ta yi ƙwari. Ɗangoggo yakan leƙo ta saman danga ya ce, "Ina Mai Gaggawa? Ta tashi lahiya?" domin a cewarsa ta kasa jiran wata biyu. Sunan ya bi ta. Ta girma siririya, ba ta rabo da tari, tana karkata kai in ana mata magana daidai yadda uwarta ke yi. Duk abin da ya rage mini na Aisa ke nan, sai wani zanenta baƙi na saƙi da Inna ta adana.

Bari in faɗi gaskiya, a lokacin ban ɗauki Ɗangoggo a bakin komai ba. Ni na yi makarantar malamai, ina sa wando da takalmi sau ciki, ina koya wa yara sunayen kogunan Faransa da ban taɓa wanke ƙafa a cikinsu ba. Na taɓa faɗa a gaban jama'a, ina dariya, cewa mai sharar likita ya mai da manyan mutane yara masu wasa da ruwa. Ya ji ni sarai. Washegari ya gaishe ni ta saman danga kamar kullum.

A bazarar 1954 Safi tana da shekara shida. Ta bi kakarta rijiya, wani takarkari ya firgita, igiyar ta kwashe ta ta maka ta da kwamin shan ruwan dabbobi. Majo Agali ya taɓa ta, ya ce haƙarƙari biyu sun karye a dama, a kai ta gida ta huta, in zazzaɓi ya zo a kira shi.

Inna ta yi abin da ta ga iyayenta suna yi. A wajenmu karaya ɗauri ake yi mata, ko ta hannu ce ko ta ƙafa, to me zai raba haƙarƙari da su? Ta ɗauko baƙin zanen Aisa ta naɗe yarinyar tun daga hammata har ƙugu, ta ja, ta ƙara ja, ta ƙulle. Ta kwantar da ita a miƙe, ta hana ta motsi, in tari ya taso ta ce ta haɗiye kada ƙashin ya goce. Ta rufe ƙofa, ta sa garwashi da turare. Ni kuma na yarda, domin da aka ɗaure ta sai ta daina kuka, kuma ba abin da nake so a lokacin irin ta daina kuka.

A kwana na uku zazzaɓi ya rufe ta. Numfashinta ya koma sama-sama, gajere, leɓenta ya yi toka-toka. Majo ya zo ya ɗora abin saurarensa a bayanta, ya daɗe, ya ce ƙasan huhun dama ya yi shiru, iska ba ta kai wa can. Ya yi mata allura, ya sassauta zanen da hannunsa, ya ce a bar shi haka. Ko bakin danga bai kai ba Inna ta mayar da ɗaurin, tana cewa majo allura ya sani, karaya kuwa ba a takarda ake koyon ta ba. Ina tsaye ina kallo. Malamin da ke tsawata wa yara sittin ya kasa buɗe baki a gaban uwarsa.

Da safiyar kwana na huɗu Ɗangoggo ya yi sallama a ƙofar gidana. Wannan ne karo na farko da ya zagayo ta ƙofa. Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malaman lakwal da Faransanci.

"Mushe, ina kwana? Ya mai jiki?"

Na ce, "Da sauƙi."

Ya ce, "Ba da sauƙi ba, Mushe. Daga bayan danga nike jin lumfashinta, awa na ɗan tsako. Ku kwance mata zanen ga."

Ban yi barci ba kwana uku, tsoro ya cika ni, amma wannan ba hujja ba ce. Na dube shi daga sama har ƙasa na ce, "Majo ya yi allura. Kai je ka yi shararka."

Bai motsa ba. Ya ce, "Na gama shara. Yau kasuwa, Hama ya yi yanka. Zo mu tahi mahauta, ba mu daɗewa. In ba ka ga komi ba, ba ni ƙara tako gidanka."

Har yau ban san abin da ya sa na bi shi ba, sai dai watakila don zaman ɗakin ya gagare ni. A hanya ne na fara jin cewa shi ɗan mahauta ne daga Kornaka, da wuƙa a hannu ya tashi. Hama mahauci, da ya gan shi, ya ajiye abin da yake yi ya rusuna. Ɗangoggo ya nemi huhun rago da maƙogwaronsa, ya zura ɗaya daga cikin kararensa a maƙogwaron, ya ɗaure da zare, ya miƙo mini ya ce in busa. Malamin lakwal da takalminsa, a tsakiyar mahauta, ƙudaje na bin sa, mutane sun zagaye. Na busa. Abin da ke kwance a yamutse ya tashi a hannuna, ya kumbura har gefe-gefensa, ya yi ja mai haske, ba nauyi.

Sai ya yagi ƙyalle ya ɗaure ɓangare ɗaya tamau, ya ce in sake. Na busa har idona ya yi ruwa. Ko'ina ya tashi ban da inda aka ɗaure, wanda ya zauna a manne, baƙi-baƙi kamar hanta.

Ya yanko ɗan yanki ya kawo kusa da idona. Cikinsa duk ƙofofi ne ƙanana, irin na saƙar zuma, amma sun fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, har ido ba ya iya raba su. Ya matsa shi, wata kumfa mai laushi ta fito ta zauna a yatsansa ba ta fashe ba.

"Ka gani? Ɗakuna ne, Mushe, ba su ƙidayuwa. Nan iska ka shiga ta gamu da jini. Santsin ga kuma shi ka hana bangon ɗaki mannewa da ɗan'uwanshi in an hidda lumfashi."

Ranar an yanka wata tunkiya ba a san tana da ciki ba. Ɗangoggo ya sa Hama ya ciro huhun ɗan da ke cikinta, ɗan ƙarami, mai duhu. Ya matsa shi, babu kumfa. Ya jefa shi cikin ƙwaryar ruwa ya nutse, ya jefa yankin na ragon ya taso sama.

"Wanga bai gama gini ba, ɗakunanshi ba su buɗe ba. Kusan haka Mai Gaggawa ta zo duniya, da gini rabi. Shekara shidda tana ƙarasa shi ɗaki-ɗaki, har yanzu ba ta gama ba. Shi ne kunka ɗaure."

Na tambaye shi ko inda ya manne yana sake buɗewa. Sai ya bi rataye-ratayen Hama yana dubawa har ya samo huhun wani tsohon rago, ya sa yatsana a kan wani wuri fari mai tauri a gefensa.

"Wanga ya taɓa shan tunkuyi, ga alamar a haƙarƙarinshi. Inda iska ta koma da wuri, naman ya gyara kanshi, duba nan, ba ka ko gane wurin. Inda ya daɗe a ruhe, shi ne ya zama tabo. Tabo ba ya lumfashi, Mushe, kuma ba ya komawa."

Na ce, "Kwana nawa gare ta?"

"Ban sani ba. Na dai san kowane wuni da zanen ga muna rasa wani abu."

Da gudu na koma gida, shi yana biye da ni yana haki. Na buɗe ƙofa, na fitar da garwashin, na durƙusa na fara kwance ƙullin. Inna ta riƙe mini hannu.

"Samba, zanen uwarta ne. Shi ka riƙe da ita. Ka rasa mata, yanzu za ka kashe ɗiya bisa maganar mai shara?"

Ban taɓa saɓa wa Inna ba sai ranar. Na kwance, Safi ta tsala ihu, Inna ta fashe da kuka. A nan Ɗangoggo ya yi abin da ni da karatuna ban yi tunaninsa ba. Ya tsuguna a gaban Inna ya gaishe ta da kyau, ya ce, "Inna, ba a raba ta da zanen. Aiki za ya canza." Ya ninke shi ya yi gammo mai kauri, ya zaunar da Safi ta jingina da bango, ya sa mata gammon a kan karayar ya ce ta rungume shi da ƙarfi duk sanda za ta yi tari, ciwon zai ragu. Inna ta dubi jikarta rungume da zanen uwarta, ta bar shi haka.

Busawar ce ta zama aiki, domin Safi ta ce da zafi, ta kau da kai. Ɗangoggo ya leƙa cikin ƙoƙon ya yi fuskar mamaki ya ce, "Mai Gaggawa, akwai kwaɗo cikin ruwan ga yana barci. Ni ya ƙi ji na. Ko ke kina tashe shi?" Ta kalle shi da idon zazzaɓi, ta karɓi karan. Ƙwayar iska uku ce ta fito. Sai tari ya sarƙe ta, ta ƙanƙame gammon, ta fitar da wani abu mai kauri, baƙi da tsohon jini. Inna ta yi salati. Shi kuwa ya duba ya ce wannan ne ya toshe hanya, gara da ya fito.

Sau biyar a yini yake zagayowa, tsakanin shara da dafa allura da ɗebo ruwa, majo kuma yana zuwa da allurarsa. Uku ta zama biyar, biyar ta zama goma. A kwana na tara Majo Agali ya ɗora abin saurarensa a ƙasan bayanta na dama, ya yi murmushi, ya cire ya sa mini a kunne. Na ji iska tana shiga da wata ƴar ƙara siririya, kamar ana murza gashi kusa da kunne. Majo ya ce ɗakunan ne ke buɗewa. Na fita bayan ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Aisa.

Bayan wata ɗaya lokotoro, babban likita, ya zo rangadi daga Maraɗi. Ya duba Safi ya ce huhunta ya cika har ƙasa. Na tambaye shi da Faransanci game da abin da na gani a mahauta. Ya ce haka yake, jakunkunan iskar nan miliyoyi ne, jariri da kaɗan daga cikinsu yake zuwa, sauran a yarinta yake ƙara su, shi ya sa yaro ya fi babba saurin murmurewa. Ya ce a jikin bangonsu akwai ƙwayoyin halitta da ke hayayyafa su sake lulluɓe inda ya lalace, muddin wurin bai daɗe a rufe ba. Sannan ya ce in tambayi mai sharar nan a wace makaranta ya koya. Na fassara masa.

Ɗangoggo ya ce, "Mahautar Kornaka, da ƙasan rijiya."

A ranar na ji sauran labarin. A zamanin aikin dole an ɗauke shi rani uku yana fasa dutse a ƙasan rijiyoyi, cikin ƙurar dutse da siminti, inda ko fitila ba ta son ci. Ya fito da tarin da bai taɓa barin sa ba. Wani makiyayi ya ba shi sarewa don ya rage zaman banza, sai ya lura in ya daɗe yana busawa ƙirjinsa yana saki. Ya tuna huhunan da ya sha hurawa yana yaro a mahauta, ya haɗa wannan da wancan. Na ce to shi me ya sa bai warke ba. Ya yi dariya ya ce nasa ya riga ya zama tabo kafin ya gane.

Wato mutumin da ke zubar da ruwa a ƙasa don kada ƙura ta taɓa ƙirjin wasu, shi da ƙirji rabi yake sharar. Shekara goma sha ɗaya.

Kai ne, Ɗangoggo, wanda ba ya gajiya da tsuguno. Kai ne ka san inda iska ke kwana a jikin mutum, ka kuma san yadda ake lallashin ta ta koma inda ta bari. An yi maka jifa da ƙoƙo ka ɗauko ka cika, an yi maka dariya a kasuwa ka wayi gari ka yi gaisuwa. Ba ka taɓa riƙe allura ba, ba wanda ya taɓa kiran ka majo ko da wasa, amma garin nan cike yake da mutanen da ke hawa tudu ba su tsaya hutawa ba saboda kai.

To ni me na yi maka? Da sallah na aika maka cinyar rago ta hannun Inna. Na daina dariyar kararenka. Shi ke nan. Shekara huɗu muna gaisawa ta saman danga, kullum in ce gobe zan zagaya in zauna gindin aduwa in faɗa maka abin da ke raina, kullum girman kai na malamin lakwal ya riƙe mini ƙafa. Ina ji a bara ƙarar tsintsiyarka ta fara yankewa, ka share kaɗan ka tsaya, ka share kaɗan ka tsaya. Na san abin da ake ciki, tun da kai ka sa yatsana a kan tabon. Duk da haka ban zagayo ba.

Ranar da zai tafi, ranar kasuwa ce. Surukinsa Rhissa ya zo da raƙuma biyu da hantsi. Mutane suka taru a ƙofar gidan likita, Mainassara ya ɗauki ƙunshin kayansa, Inna Uwale da kanta ta dama masa fura ta hanya. Safi ba ta nan, ta tafi rijiya. Ana shirin durƙusar da raƙumi sai ga ta a guje tun daga can, shekararta goma yanzu, ƙafafu dogaye, ƙoƙo a hannu ruwan yana zuba. Ta tsaya a gabansa ba ta ko haki, ta zaro wani tsohon kara da ya yi baƙi don daɗewa. Ban san ta ajiye shi ba.

Ta ce, "Baba, kwaɗo na barci."

Ya yi dariya har ya dafa raƙumi. Ya tsuguna a hankali, ya karɓi karan, ya ja numfashi iyakar ƙarfinsa ya busa. Ƙwayar iska uku ce ta fito. Tari ya kama shi, muka tsaya muna jira, ba mai kallon wani.

Safi ta ce, "Baba, sau goma akan yi. Saura tara."

Ya ce, "Ke ƙarasa mini, Mai Gaggawa."

Ta karɓa, ta ja numfashi, ta busa. Ruwan ya yi ta ɓulɓuli, ya yi ta yi, har ya tumbatsa ya jiƙa mata yatsu, ita ko ba ta tsaya ba. Shi kuma ya ɗora tafin hannunsa a ƙasan haƙarƙarinta na dama, ya rufe ido. Da ta gama ya ɗago ya dube ni.

"Har ƙasa take zuwa, Mushe. Har ƙasa."

Na buɗe baki. Ga jama'a, ga majo, ga iyayen ɗalibaina. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya kiyaye hanya." Aka ɗora shi a raƙumi, suka yi arewa, na tsaya ina kallo har suka shige bayan tudu.

Shi ya sa na rubuta wannan. Mutanen Dakoro, mun gode wa kumandan, Baturen mulki, a takarda, mun gode wa lokotoro da jawabi, wanda ya tsuguna a gaban ƴaƴanmu kuwa mun bar shi ya tafi da fura a gora. Abin da ya bari ba shi da wuya. Kada ku ɗaure ƙirjin da ya karye. Ku zaunar da mai ciwon, ku buɗe ƙofa, ku bar shi ya yi tari, ku kai shi wajen majo da wuri. Kara da ƙoƙo kuwa babu gidan da ya rasa su, haƙurin tsugunawar ne kawai za a koya. Ni na fara da ajina, yanzu sai an yayyafa ruwa ake shara, kuma na ga mata sun fara yi mini irin kallon da suke yi masa. In kuma akwai wani irinsa a bayan dangarku, ku zagaya yau tun yana nan.

Ɗangoggo bai iya karatu ba. Zan ba da takardar nan ga masu zuwa Tagriss, ban san wanda zai karanta masa ba. Ko wane ne, ina roƙon sa ya karanta a hankali. In tari ya kama shi a dakata a jira shi, yadda ya jira namu. In kuma an zo nan, a matsa kusa da kunnensa.

Baba Ɗangoggo, ni ne Samba. Na ce ka je ka yi shararka, ka yafe mini. Na gode. Safi tana gaishe ka, yau ma da gudu ta dawo daga rijiya.